Wanda Ya Ɗora wa Mijina Kada

Ni dai tun ranar da na fara ganin Aga Hushang jinina bai haɗu da nasa ba, kuma har gobe ba zai haɗu ba. Mutum ne da in ka miƙa masa faranti ba ya jiran tayi na biyu. A Isfahan ɗinmu ko yaro ya san in an ce masa ɗauki sai ya ce ya ƙoshi, har sai mai gida ya haɗa shi da Allah, amma shi Hushang hannu kawai yake kaiwa. Alewar gaz ɗin da nake yankawa ƙanana don ta ishi kowa, biyu-biyu yake kwasa, yana tauna yana gyara wa mutane magana.

Kowace Alhamis da la'asar ake taruwa a falonmu. Mijina Kusro ne ya kafa taron tun gashinsa yana baƙi, lokacin da harshen Esperanto ya shigo gari yana tashe, malamai da ɗalibai kowa ya maƙala koren tauraro a ƙirji. Yayin ya wuce, jama'a suka watse, aka bar mu 'yan tsiraru. Akwai Hanum Shahin, wato Malama Shahin, da ta yi ritaya daga aikin jinya, akwai Injiniya Sirus mai cewa "haka ne" tun kafin mutum ya rufe baki, da wasu biyu-uku masu leƙowa in gwiwa ta bari. Sai Hushang, wanda bai taɓa fashi ba. Ko mura Allah bai taɓa ɗora masa ranar Alhamis ba don mu huta.

Kowane mako wani zai zo da tagwaye. Haka muke kiran kalmomi biyu da suka yi kama har mutum ya rantse ɗaya ne, sai a zauna a yi ta juya su har a gano inda suka rabu. Kuma daga an zuba shayin farko an daina Farisanci ke nan, sai an kwashe kofuna. Masu wannan harshe ko'ina suke, wanda ya koma harshen uwarsa a tsakiyar taro cewa suke ya zama kada. Kar a tambaye ni abin da kada ya tare musu. Ni da hannuna na ɗinka mana ɗaya na koren tsumma, kamu guda, da haƙoran farin zare. Duk wanda bakinsa ya suɓuce za a ɗora masa shi a cinya, ya ja bakinsa ya yi shiru har a tashi. Ni kam na riƙe shi ba adadi, don ba na iya zagi sai da harshen da aka haife ni a ciki. Sirus ya riƙe, Shahin ta riƙe, shi kansa Hushang ya taɓa riƙewa ranar da shayi ya zube masa a wando. Kusro ne kaɗai kadan bai taɓa hawa cinyarsa ba, kuma wannan abu ya daɗe yana cin Hushang a rai.

Rigimarsu ta asali a kan wasu tagwaye ce da aka kasa rabawa tun 'yarmu tana goye: obstina da persista. Kusro, da yake malamin labarin ƙasa ne, ya saba da jan layi tsakanin abu da abu. Shi a wurinsa persista shi ne mai naci a kan abin da yake da dalili, obstina kuwa mai taurin kan da ko ya ga gaskiya ba zai motsa ba. Hushang, da ya ƙare rayuwarsa a bayan kantar kantin magani yana kallon mutane a wulaƙance, cewa yake bambancin ba a jikin mutumin yake ba, a bakin mai magana yake: in kana son mutum ka ce persista, in ba ka son sa ka ce obstina, shi ke nan. An je an dawo, an ɗauko littattafai, an buga tebur. Abin da kawai suka yarda a kai shi ne kowannensu ya tabbata ɗayan obstina ne.

Wata safiya cikin hunturu Kusro ya dawo daga sayen gurasa, ya faɗi a bakin ƙofa da gurasar a hannu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da muka dawo daga asibiti Farisancin ya fara dawo masa da ɗingishi, amma Esperanto ɗin abin tausayi ne. Zai kai hannu ga kalma sai ya damƙo maƙwabciyarta. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana raba tagwaye, shi ne ya koma ba ya gane Hassan da Husaini. Likita ya ja ni gefe ya ce harshe kamar ƙafa yake, in ba a taka shi ba sandarewa zai yi. Ya ce in sa shi magana ta kowace hanya, kuma watannin farkon nan su ne abin dubawa, abin da bai dawo a cikinsu ba da wuya ya dawo.

Shi ya sa da ya ɗan ji ƙarfi na ce a dawo da taron Alhamis. Na yi masa aski, na sa masa rigarsa mai ruwan toka, na zaunar da shi a kujerarsa ta jikin taga. Mutane suka shigo a ɗarare kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Hushang ya shigo ƙarshe, ko sannu da jiki bai ce ba, ya zauna ya ja farantin gaz gabansa.

Aka zuba shayi. Kusro ya ɗaga hannunsa na hagu alamar zai yi magana. So yake ya ce musu ya tsufa, su yi haƙuri da shi. A harshen nan tsufan mai rai daban, tsufan kaya daban: mutum in ya tsufa maljuna ne, takalmi ko tukunya kuwa malnova. Ya yi ta kokawa da leɓɓansa, da ƙyar ya fitar da ita, sai ga shi ya kira kansa malnova.

Kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Hushang ya gama tauna abin da ke bakinsa tukuna.

"Madalla da Ustaz," ya ce. "Tunda nake da kai ban taɓa jin ka zaɓi kalma daidai irin yau ba. Malnova ai ta tsohon kaya ce, kujerar da ƙafarta ta karye aka jingine a lungu. Wa ya isa ya yi maka gyara?"

Na ga jini ya hau fuskar Kusro har kunne. Bakinsa ya yi ta rawa, sai kawai na ji ya fashe da Farisanci tas, babu ɗingishi ko kaɗan: "Ɗan kare!"

Hushang ya miƙe a hankali, kamar wanda aka kira karɓar kyauta. Ya je kan kanta ya ɗauko kadan, ya hure ƙurar da ke bayansa, ya zo ya ɗora shi a kan cinyar mijina, cinyar da ta shanye, har da gyara masa wutsiya.

"Doka ba ta san Ustaz ba," ya ce. "Sai a yi shiru har a kwashe kofuna."

Ban san lokacin da na ajiye tire ba. Abin da na faɗa masa ranar, da Farisanci na faɗa, kuma na haɗa da kakanninsa. Na ce masa marar tsoron Allah, na ce masa macijin da muka yi shekaru muna ba shayi. Na ce ya fita mini daga gida, in ƙafarsa ta sake taka mini darduma sai na karya ta. Ya buɗe baki zai yi mini bayanin doka, na riga shi bakin ƙofa na kwashi takalmansa na watsa tsakar gida. Ɗaya ya samu a gindin rumman, ɗayan ya yi ta laluba bai gani ba, ƙarshe da silifas ɗin bayan gida ya fita. Har yau in na tuna shi a tsugune yana leƙa ƙarƙashin tukwanen fure sai in ji sanyi a raina. Kadan kuwa na fizge shi daga cinyar Kusro na cusa can ƙasan akwatin barguna.

Alhamis ɗin da suka biyo baya lafiya lau, irin lafiyar ɗakin marar lafiya. Shahin ta koma yi wa Kusro magana da ƙarfi, tana rarrabe kalmomi, sai ka ce kunnensa ne ya shanye. Sirus kuwa kansa har ya gaji da gyaɗawa. In Kusro ya kira kofi cokali sai a ce masa sannu da ƙoƙari. In ya suɓuce ya yi Farisanci kowa ya yi kamar bai ji ba. Da aka ga babu kada a kan kanta, sai wannan ya jefa kalma ɗaya, wancan ya jefa biyu, kafin wani lokaci taron ya koma hirar ciwon baya da kogin da ya ƙafe da 'ya'yan da suka tafi ƙasar waje ba sa kira. Ni kuma ina ta zuba shayi ina jin daɗi babu mai ɓata wa mijina rai, gaz ma har ragowa take yi.

Ran nan Shahin ta zo da tagwaye masu sauƙi da gangan, irin waɗanda ake ba ɗan koyo a makonsa na farko: aŭdi da aŭskulti. Ta farko ji ce, abin da ya faɗo kunnenka ko ba ka so. Ta biyu saurare ce, ka ba abu kunne da niyya. Kusro ya koya wa rabin mutanen ɗakin wannan bambanci da bakinsa.

"To Ustaz," ta ce da ƙarfi, "me ka gani?"

Kusro ya dube ta. Sannan ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, kuma babu wadda ya kuskure: "Ɗaya ne. Babu bambanci."

Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Haka ne, Ustaz," in ji Sirus. "Wallahi haka ne."

"Ai in aka duba da kyau kusan ɗaya ne," in ji Shahin, tana murmushin da take yi wa marasa lafiya.

Sai ya juyo gare ni. Na san amsar kamar yadda na san sunana, kuma na ga yana jira. Amma mutane na zaune, ga shi ya yi gumi.

"Sha shayinka, Kusro nawa, zai huce," na ce.

Ya ture kofin da bayan hannu har ya zube a faranti, ya nuna ƙofar ɗaki alamar a shigar da shi. Daga wannan rana ya rufe bakinsa. Ba Esperanto ba Farisanci. In yana son ruwa ya nuna da yatsa, in na tambaye shi abu ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Alhamis ta zo ya ƙi fitowa, baƙi suka sha shayi suka tafi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a gabansa, ko kallo ban ishe shi ba. Da muka koma asibiti likita ya yi ta tambayarsa bai ce uffan ba. Ya dube ni ya ce, "Hanum, lokaci fa yana tafiya." Na dawo gida na fara tunanin kalmar ƙarshe da zan ji daga bakin mijina ita ce waccan ƙaryar da ya yi wa su Sirus.

Wata rana da hantsi na dawo daga kasuwa na tarar ba ya kan gado. Yana zaune a ƙasa gaban akwatin barguna, ya ja jiki da kansa har can, ya zazzage mini barguna ko'ina da hannu ɗaya. Kadan na kan ƙafarsa. Ya ɗaga shi ya miƙo mini, ya yi ta motsa baki, sannan ya fitar da kalma ɗaya, ta farko bayan duk wannan shiru.

"Hushang."

"Sai dai bayan raina," na ce. "Mutumin da ya kira ka karyayyar kujera a gaban jama'a? Kusro, ciwon ya taɓa maka hankali ne?"

Na ɗaga shi na mayar kan gado, ya juya fuska bango, ya rungume tsummar nan kamar jinjiri. Abincin rana bai ci ba, na dare ma haka.

Ban tafi wurin Hushang washegari ba, sai da na yi kwanaki ina zaginsa a cikin kicin ina wanke-wanke. Ranar da na shirya, na je kwarmin ruwan tsakar gida inda na daɗe da sanin ɗayan takalminsa yake, na tsamo shi da sandar shara, na sa a leda.

Yana zaune shi kaɗai a saman tsohon kantinsa, wanda yanzu wasu samari ke sayar da wayoyi a ciki. Ya buɗe ƙofa da rigar barci da rana tsaka, ya dube ni daga sama har ƙasa. A garin nan ko mai bin ka da sharri ne ya zo ƙofarka sai ka ce ya shigo ya sha shayi. Hushang ya tsaya ya tare ƙofar da jikinsa.

"Hanum Turan. Ya mutu ne?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ga takalminka."

Ya karɓa ya leƙa ledar, ya shinshina. "Ya jiƙe. Fatar garin Tabriz ce fa."

"Da na sani da na bar shi kifaye su ƙarasa. Aga Hushang, ban zo hira ba. Ya daina magana."

"To ai kin huta. Ba abin da kike so ke nan ba? A zauna lafiya, kowa na gyaɗa kai kamar Sirus?"

"Ya kira sunanka. Ban san abin da ya gani a jikinka ba, ni dai ban taɓa ganin komai ba. Ka zo ranar Alhamis."

"Roƙo ne wannan ko umarni?"

Na ce, "Roƙo ne."

"Ban ji ba, kunnen ya tsufa. Maljuna fa, ba malnova ba."

"Na ce roƙo ne, Allah ya ƙara wa kunnen nauyi!"

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. "To ki saurara. Kar ki ɗauka don tausayinsa zan zo, ban taɓa tausayin Kusro ba, shi ma bai taɓa nawa ba. Tun 'yarku tana goye nake jiran ranar da zai buɗe baki ya ce ni ke da gaskiya, ba kuwa zan bari ya ɓuya a bayan ciwo ya tsere mini ba. Kada ya koma kan kanta. In na yi masa gyara ki kama bakinki. Kuma gaz ɗin nan ki daina yanka ta kamar ƙwayar magani, rowar ta isa haka."

"In baƙin cikinka ya kashe shi fa?"

"Ni na san abin da ke kashe mutum, Hanum, a kansa na ci abinci. Ku da kuka yi masa sutura yana numfashi ba ku kashe shi ba, ni ne zan kashe shi?"

Ya rufe ƙofa ina tsaye. Duk tsawon hanyar gida ina tsine masa, har wata mata a motar haya ta tambaye ni ko lafiya.

Da na gaya wa Kusro, ranar Alhamis tun azahar ya nuna rigarsa mai ruwan toka. Hushang ya shigo da takalman nan biyu, ɗaya ya fi ɗaya duhu, ya ajiye su can nesa da inda hannuna zai kai. Ya duba kan kanta ya ga kadan, ya zauna. Ana zuba shayi ya ce yau shi ne da tagwaye, kuma ba sabbi ya kawo ba.

"Obstina da persista. Na faɗa, na sake faɗa, bambancin a bakin mai magana yake. In akwai mai musu a ɗakin nan ya yi magana. In babu, Injiniya ka zama shaida, yau an rufe zancen, na ci."

"Haka n..." Sirus ya fara, na harare shi ya haɗiye sauran.

Kusro ya ɗaga hannun hagu. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Shahin ta matso za ta jefa masa kalmar, Hushang ya daka mata tsawa.

"Ke ce harshensa? Ki bar shi ya nemo da kansa, ai shi ya ce ya fi kowa sani."

Kalmar ta fito, ba ita ba ce. Hushang ya gyara masa yana dariya. Kusro ya sake jarrabawa, ya sake kamo ta kusa da ita. Hushang ya ce ko ɗan koyo ba zai yi wannan ba. Ina tsaye da tire na riƙe shi har yatsuna suka yi fari. A karo na gaba Kusro ya hasala ya sake auna masa zagi da Farisanci, wannan karon har da uwarsa. Hushang ya tashi da rawar jiki ya ɗauko kada ya ɗora masa. Na ciji leɓena har na ji gishirin jini. Aka tashi taro mijina na huci kamar zai fashe, ni kuma na rantse a raina in wani abu ya same shi sai na shaƙe tsohon nan da hannuna.

Washegari da safe ina shanya na ji murya a gindin rumman. Kusro ne a kujerarsa, shi kaɗai, yana magana da bishiya. Zai fara jimla ta karye, ya zagi Hushang, ya koma farko. Haka ya wuni. Haka ya yi jibi da gata. Da na kawo masa abinci ya kama hannuna ya tambaye ni wata kalma da ta ɓace masa, na faɗa, ya ce ba ita ba, na ce ita ce, ya ce in ɗauko littafi. Ni ke da gaskiya, ya yi tsaki. Ban taɓa jin tsaki mai daɗin wannan ba.

Ba a mako ɗaya aka yi ba. Kadan ya sake hawa cinyarsa, ya kuma sake, Hushang kuwa kullum sai ya ƙirƙiro sabon wulaƙanci, kuma kar wani ya ce mini dabara ce ta mai magani. Na ga idonsa, daɗi yake ji tsakaninsa da Allah. Rumman ta yi fure ta zubar, muna nan a kan tagwaye ɗaya, Shahin har ta fara ƙorafin an hana kowa kawo nasa.

Sai wata Alhamis, Hushang ya gama jawabinsa ya kai hannu faranti, Kusro ya buga hannun kujera.

"Saurara," ya ce, da Esperanto, kuma kalmar saurare ya ɗauko, ba kalmar ji ba. "Na faɗi a bakin ƙofa. Kullum ina tashi in nemi kalma, ta gudu, in sake nema. Ina da dalili. Ko kana so na ko ba ka so na, wannan persista ne, bakinka bai isa ya canza shi ba." Ya tsaya ya ja numfashi, babu wanda ya motsa. "Kai kuwa an nuna maka a littafi, an nuna maka a misali, tun gashinka yana nan. Ka gani sarai. Ka ƙi. Ko uwarka ce mai magana, obstina za ta ce."

Da ɗingishi ta fito, yana jan wasu kalmomin kamar mai jan buhu, amma ko ɗaya bai musanya ba. Hushang ya ajiye gaz ɗin da ya ɗauka, abin da ban taɓa gani ba.

"Misalinka bai zauna ba," ya ce da sauri. "Wa ya yanke cewa dalilin naka dalili ne? Kai da kanka! To ka ga ashe..."

Ban bari ya ƙarasa ba. "Allah na gode maka!" na ce da ƙarfi. "Ka ji ko, tsohon banza? Ka ji shi da kunnenka? Sai ka tashi ka nemi takalminka!"

Kowa ya juyo ya dube ni. Sai a lokacin na ji da wane harshe na yi magana.

Hushang ya washe baki har ana ganin haƙorinsa na zinariya, ya yunƙura zai tashi.

"A'a," in ji Kusro. "Ni."

Ya sa Sirus ya miƙo masa kadan. Ya yafito ni da hannu, na zo na zauna a kujerar da ke gefensa. Ya ɗora mini shi a cinya da hannunsa na hagu, ya gyara wutsiyar, ya ɗan bar hannun a kai kafin ya janye. Ko kallona bai sake yi ba, ya juya ga Hushang ya ce masa ya ƙarasa shirmen da ya fara.

Suka ci gaba. Hushang na ihu, Kusro na katse shi, yana tuntuɓe yana tashi, yana neman kalma yana samu. Hawaye na zubo mini a kan koren tsumma, ga zagi cike da bakina babu halin fitarwa. Shayi ya huce a kofuna, rana ta sauka daga kan taga, Shahin ta fara duba jakarta tana satar kallona. Hushang ya ja farantin ya cinye gaz ta ƙarshe yana kallon cikin idona.

Ba a tashi taro sai an kwashe kofuna, kuma a gidan nan ni ce mai kwashewa. Na gyara zama na rungume kadana.